Yadda Za a Gabatar da Jawabi Kan Galahanga a Unguwar Nima da ke Accra

Wata malamar makaranta ce za ta yi jawabi kan galahanga (autism), lalurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane, ranar 2 ga Afrilu, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa lalurar. Ta tara mu bayan La'asar, ga abin da aka shawarce ta.

Wata Hajiya, wadda jikanta ke da lalurar, ta fi kowa magana. Ta ce: "'Yata, kar ki fara da alƙaluma. Fara da yaron da ke toshe kunne da tafin hannu in babur ya wuce a kasuwar Nima, wanda ake kiran sunansa ba ya waiwayowa." Ni ma wannan na fi yarda da shi.

Wani malami ya ce ta taɓo batun aljanu da sammu cikin ladabi, ta bayyana cewa galahanga yanayi ne da ya shafi yadda ƙwaƙwalwa ke bunƙasa, gado na da hannu a ciki, ba allurar rigakafi ke kawo shi ba, ba kuma laifin uwa ba ne.

An ce ta faɗi cewa wasu masu lalurar suna magana har su yi karatu mai zurfi, wasu ba sa furta kalma. Minti 15 ya isa, sauran lokacin a bar wa iyaye su yi tambaya.