Neman kalmar Hausa ga abin da masana harshe ke kira "interference"

Assalamu alaikum, malamai da ɗaliban kwalejojin horar da malamai na Kumasi da kewaye. Ana neman sunan da za mu ba wannan hali da ƙa'idar wani harshe ke bin ɗalibi ta shiga cikin Turancinsa, a rubutu da kuma wajen fahimtar abin da ya karanta.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne jinsi. Hausar zango, wato ta unguwannin baƙi na Kumasi daga Aboabo har Asawase, ta daɗe da barin bambancin "ya" da "ta", kuma Twi da ake ciniki da shi a kasuwar Kejetia ba ya raba namiji da mace a wakilin suna. Saboda haka ɗalibin da ya tashi tsakanin harsunan nan biyu yakan musanya wakilan sunan Turanci, kuma idan aka ba shi dogon labari a jarrabawar auna fahimta, yakan rasa wanda ake nufi a tsakiyar sakin layi, alhali ya san ma'anar kowace kalma.

An kawo "katsalandan" da "kutse", amma duka biyun suna ɗauke da zargi, kamar harshen da yaro ya tashi da shi ɓarawo ne. "Naso" ta dace ƙwarai, sai dai masana tsarin sautin Hausa sun riga sun keɓe ta ga yadda sauti ke shafar maƙwabcinsa. "Tasiri" kuwa ta yi faɗi.

Akwai kuma masu son a ce "tasirin harshen uwa", wanda a ganina bai dace da Gana ba. Sau da yawa iyayen yaron zango Dagomba ne ko Mosi ko Kotokoli, Hausa ya tsinta a unguwa, Larabci a makarantar allo, Turanci a aji, kuma da yake Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnati ke ɗaukar nauyin koyar da su, bai taɓa zama an koya masa nahawunta ba. Wanne ne harshen uwar a nan?

Shawarata ita ce "ratsin harshe", daga ratsin da ake gani a saƙa, inda zare mai wani launi ke bi ta cikin zane. Tana karɓar kowane harshe, domin ana iya cewa ratsin Twi a Turanci, ko ratsin Turanci a Hausa. Wanda ke ganin za ta rikice da "ratse" na masu nazarin adabi, wato kauce wa jigo na ɗan lokaci a waƙa ko labari, ya kawo hujjarsa mu duba.