Jirgi yana yi mini tsalle wajen sauka, ina neman shawara

Ɗalibi: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Awa 19 na yi a ƙaramin jirgin nan Cessna 172S, kuɗin ma da ƙyar aka haɗa, gida kowa na jiran ya ji na tashi ni kaɗai. Jiya na taɓa ƙasa jirgin ya yi tsalle, na danna sitiyari gaba, ya sake dukan ƙasa da tayar gaba, sai malamina ya karɓe. Ya ɗage mini solo, wato tashi ni kaɗai. Ko barci ban yi ba. Ina matsalar take?

Kyaftin: Wa alaikumus salam. Ba ka faɗi gudun da ka shigo da shi ba, nan ne maganar take. Littafin jirgin ya ce not (ma'aunin gudun jirgi) 60 zuwa 70 da cikakken filaf (sashen bayan fiffike da ake saukarwa wajen sauka), digiri 30. In ka wuce haka jirgi zai ƙi zama, ya yi ta shawagi a kan titi, kai kuma ka matsu ka tura hanci ƙasa. Tayar gaba ba a yi ta don ɗaukar nauyin sauka ba. Tana dukan ƙasa hanci zai koma sama, ka sake dannawa a makare, kowane tsalle ya fi na baya muni. A ƙarshe ƙafar tayar ta karye ko farfela ta daki ƙasa. Dannawar nan ita ce kuskuren, ƙanena.

Ɗalibi: Da 75 nake shigowa Kyaftin, amma da gangan ne. Tsoro nake kada gudu ya yi ƙasa fikafikai su sake ni. Kuma akwai iska jiya.

Kyaftin: Da cikakken filaf sai ka sauko wajen not 40 kafin hakan ta faru. In iska na bugowa, rabin bambancin ake ƙarawa: tana 10 tana bugawa 18, ƙara 4 kawai. Ya yi tsalle? Totur gaba ɗaya, taka fedar dama don kada jirgi ya karkata hagu, riƙe hanci kada tirim (abin da ke saita matsayin hanci) ya cilla shi sama, mayar da filaf 20, hau da not 60, ka zagayo ka sake gwada sauka.

Wata matuƙiya: Kyaftin, ba kowane tsalle ne sai an zagayo ba. In ƙarami ne kuma jirgi na miƙe, a riƙe hanci yadda yake, a ɗan ƙara totur, ya zauna a kan manyan tayoyi. Ɗan'uwa, ina kake kallo lokacin ɗaga hanci? Mai kallon gaban hanci ba ya gane tsayinsa. Miƙa idonka can ƙarshen titi.

Kyaftin: Hajiya, wannan sai wanda hannunsa ya faɗa. Mai awa 19 ya zagayo kawai.

Injiniya: Abin da ke ci mini rai shi ne ɗaliban da ke ɓoye muguwar sauka. Bangon ƙarfen da ke bayan inji yana lanƙwasa ba a gani daga waje, wani ya zo ya tashi da shi. In farfela ta daki ƙasa kuwa, dole a buɗe inji a duba. An rubuta saukar jiya a littafin rahoton jirgin?

Ɗalibi: Malamina ne ke rubutawa. Ni dai ina ganin canja mini malami da aka yi sau biyu ne ya rikita ni, na farkon bai taɓa hana ni 75 ba. In nemi a mayar da ni wajensa ne?