Shawara: za mu zaga garuruwan zinariya na Kalifoniya da mota mai ɗaki

Baban Khalil: Assalamu alaikum jama'a. Hutun yara ya matso, muna so mu ɗauki hayar RV, wato mota mai ɗaki, daga Sacramento mu bi hanya mai lamba 49, mu ga tsofaffin garuruwan masu haƙar zinariya. Ni da maiɗakina da yara uku. Wanda ya san hanyar ya ba mu haske.

Maman Hanan: Wa alaikumus salam. Ku fara da Coloma. Nan James Marshall ya tsinci zinariya a bakin kogi a 1848, shekara na zagayowa duniya ta yi caa a wurin, shi ya sa ma hanyar ta ci sunan 49. Ana koya wa yara wanke yashi a faranti. Nawa sun jiƙe sharkaf, autar ta dawo da ɗan ƙyalli a kwalba tana cewa ta yi arziki. A tafi da kayan canji.

Malam Ɗanjuma: Baban Khalil, kada ka shiga Coloma ta Auburn. Wurin gangara ne cikin kwazazzabo, kwana bisa kwana, motar kuma ga faɗi ga nauyi. Bi hanya ta 50 ka ratse ta Lotus Road. Tsakanin Coulterville da Mariposa ma gangara ce da kwana bisa kwana. A gangara ka sa ƙaramin giya, in ka dogara da birki za ka ji yana ƙauri.

Baban Khalil: Na gode Malam. To Bodie fa? Khalil ya ga hotonta, ya hana ni sakat.

Malam Ɗanjuma: Bodie, tsohon garin zinariya da ya zama kufai, tana can bayan duwatsu. Mafi kusa sai ta Sonora Pass, inda hawan ke kai kashi 26 cikin 100. Mil 3 na ƙarshe kuma babu kwalta, masu haya da yawa ba sa yarda a hau irinta. A ba shi haƙuri.

Hajiya Babba: Ku kai shi Columbia, zai manta. Mota ba ta shiga babban titin garin, keken doki ake hawa, ga maƙeri na aiki a gabanka. Amma ɗana, nama ku saye shi tun a Sacramento, ban ga na halal a ƙauyukan nan ba. Maiɗakinka ta soya ta sa a firij. Kuma da rani akwai zafi, ku kama wurin kwana mai wutar lantarki saboda na'urar sanyaya ɗaki.

Ɗan Jos: Ni Empire Mine, tsohon wurin haƙar zinariya na Grass Valley, ya fi burge ni. Sai 1956 aka rufe shi, ramukansa sun kai mil 367 a ƙarƙashin ƙasa, yawanci ruwa ya cike su. Mu da muka tashi kusa da kududdufan kuza mun san tsohon rami ba abin wasa ba ne. Kada yaro ya bar turbar da aka shata, ga macizai ma.

Maman Hanan: Abin da ba a faɗa ba: tankin banɗaki. Mu masu buta, nan da nan yake cika. Alwala a yi ta a waje, kuma ranar karɓar mota ka sa su nuna maka yadda ake juye tankin. Sayi safar hannu ta roba.

Baban Khalil: Allah ya saka da alheri. Bodie ta fita. Malam, mota mai tsawon ƙafa 25 za ta ishe mu biyar, ko in ƙara?

Malam Ɗanjuma: Ta isa. Ka dai duba kujerun da ke kallon gaba masu bel, saboda kujerar jaririn.