Kaftun rani: yana kashe ciyawa ko ɓarnar mai ce kawai?

Baba Alhaji, Gadarif, Sudan: Assalamu alaikum. Ɗana ya dawo daga karatu yana cewa da zarar an yanke dawa a sa tarakta ta kife tushen kara, wai haka ake yi a Turai, ciyawa ta tsiro a sake bi ta kanta. Ni ban yarda ba. Su suna samun ruwa bayan girbi, mu kuwa daga Oktoba sama take ɗaukewa, baƙar lakar nan ta tsage har mutum ya zura hannunsa, to da wace laima irin ciyawa zai tsiro?

Malamin gona, Wad Madani: Baba, Allah ya ƙara girma. Ka yi gaskiya game da ciyawar da ke fitowa daga iri, amma ƙiri-ƙiri da aya-aya, waɗanda a nan yankin Jazira ake kira najila da si'ida, a ƙarƙashin ƙasa suke ɓoye ransu. Idan aka yi kaftu mai zurfi a Maris ko Afrilu aka bar hoge a buɗe, zafin rana ne ke ƙone musu saiwa. A hawashar mahaifina, wato gonarsa ta noman ban-ruwa, na fasa hoge da hannuna, na tarar ƙwayar aya-aya ta bushe ƙayau, tana murtsukewa tsakanin yatsu.

Inna, Mai Wurno: Ɗana, ba ka taɓo ƙuduji ba, wanda Larabawa ke ce wa buda, alhali shi ne ke cinye mana dawa. Tsiro ɗaya yana zubar da iri dubbai, irin kuma yana iya wuce shekara 10 a ƙasa yana jiran saiwar dawa. Garma binne shi take yi, ta kuma kwashe shi zuwa gonar maƙwabci. Sannan karan da za a kife, me shanunmu za su ci da rani?

Baba Alhaji: Madalla, Inna. Mu jiran ruwan fari muke yi, adar, wato dawar daji, da sauran ciyawa su fito, mu bi su da garmar diski sannan mu shuka.

Malamin gona: Hakan yana aiki, Baba, sai dai jiran yana jinkirta shuka, kuma idan damina ta gajarta dawa ba za ta nuna ba. Inna, a kan ƙuduji na bi bayanki: a tuge shi kafin ya zubar da iri, a kuma sauya gonar da gyaɗa. Amma inda najila ta kama, ina nan kan bakana, a kwashe kara a ba dabbobi, sannan a yi kaftun.