Neman shawara: kwikwiyonmu na farko ya mutu, an kawo mana wata, yaya zan yi ta rayu?

Baban 'Yan Biyu, Agege

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kiwon kare. Gidana a Agege yake, mai katanga ne da get, rabin tsakar gidan siminti, rabi ƙasa. Sau biyu ana hauro mana da dare, shi ya sa na yanke shawarar ajiye karen gadi. Wata uku da suka wuce na sayi kwikwiyo a bakin titi. Kwanansa biyar a gidan ya daina cin abinci, sai amai, sai zawo da jini mai mugun wari, kwana uku tsakani ya mutu. Yarana sun sha kuka, ƙaramin har yau yakan je ya leƙa lungun da yake kwana.

Jiya abokina ya kawo mana mace 'yar sati bakwai, ruwa biyu ce, Alseshan da na gida. Da ta ji an taɓa get sai ta sheƙo tana kaɗa jela har tana tuntsurawa, yaran kuwa ko abinci ba sa ci sai sun ga ta ci. Zuciyata ba ta kwanta ba. Me ya kashe na farkon? Me zan ba ta, me zan hana ta? Sannan uwargida tana da damuwa kan tsarki da salla. Allah ya saka da alheri.

Likitan Dabbobi, Oko-Oba

Wa alaikumus salam Alhaji, sannu da rashi. Alamomin da ka faɗa sun yi kama sosai da cutar fabo, wadda za ka ga an rubuta parvo a katin asibiti. Ƙwayar cuta ce da ke cinye fatar cikin hanji, ta fi kama kwikwiyo daga sati 6 zuwa wata 6. Abin da ya kamata ya tsaya maka a rai shi ne ƙwayar ba ta mutu da mutuwar wancan ba. Tana iya yin watanni a cikin ƙasa, a wuri mai inuwa da danshi har ta kai shekara. Wata uku bai isa ba, don haka ka ɗauka tana nan a tsakar gidanka.

Yau ɗin nan ka ɗauke ta daga ɓangaren ƙasa, ka killace ta a kan siminti. Ka fara wanke simintin da omo da burushi sai datti ya fita, domin bilic ba ya aiki a kan datti. Sannan ka haɗa kofi 1 na bilic, irin su Hypo ko Jik, da kofi 30 na ruwa, ka jiƙa wurin, ka bar shi minti 10, ka ɗauraye, ya bushe. Kwano da tsumma da kwalin wancan kwikwiyon a zubar da su. Ƙasa kam bilic ba ya tsarkake ta, sai dai a hana ta takawa. Takalmin da aka taka ƙasar da shi ma kada a shiga wurinta da shi.

Sai allura. Akwai ta haɗin gwiwa da ake rubutawa DHLPP, tana kare ta daga fabo da wasu cututtuka huɗu. Ta farko tsakanin sati 6 da 8, wato yanzu. Ana maimaitawa duk bayan sati 3 zuwa 4, ta ƙarshe kada ta zo kafin sati 16. Dalilin maimaitawar: garkuwar da ta sha a nonon uwarta tana iya kashe ƙarfin allurar farko, kuma ba wanda ya san ranar da garkuwar za ta ƙare. Mutane da yawa allura ɗaya suke yi su saki jiki, a nan ake asara. Allurar haukar kare kuma a wata 3, sannan duk shekara. Sai an yi sati biyu da allurar ƙarshe za ta fita titi ko ta haɗu da wasu karnuka.

Ka kula da inda za a yi mata. Maganin rigakafi sanyi yake so, tsakanin digiri 2 da 8, kuma ka san halin wutarmu. Wanda ya zaro kwalba daga aljihu ba ƙanƙara, ruwa kawai zai tsira mata. Ka ga an ciro daga firji, a ɓare takardar jikin kwalbar a manna a katinta, a sa kwanan wata da hannu.

Maganin tsutsar ciki kuma duk sati 2 har ta kai wata 3, sai duk wata har wata 6, daga nan duk wata 3. Da nauyinta ake auna shi, don haka a ɗora ta a sikeli. Wannan har don yaranka ne, domin ƙwan tsutsar yana cikin kashinta kuma yana shiga ɗan Adam. A kwashe kashi kullum, a wanke hannu da sabulu bayan wasa.

In ka ga ta ƙi abinci ta yi lamo, ko ta yi amai sau biyu, kada ka jira jini. Babu maganin da ke kashe ƙwayar fabo, ƙarin ruwa da maganin tsayar da amai da na kashe ƙwayoyin da ke biyo baya su ne ke riƙe ta har jikinta ya yi nasara. Ɗura mata manja ko jiƙo ɓata lokaci ne, yana ma iya sarƙe ta. Ka nemi lambar likita tun tana lafiya, ba a fafe gora ranar tafiya.

Hajiya Mai Abinci, Idi Araba

Ɗan'uwa, batun ci. Sau 4 a rana har wata 3, sau 3 har wata 6, daga nan safe da yamma. A ajiye kwano minti 15, in ta bari a ɗauke, in ba haka ba ƙuda da ɓera ne za su gaje shi. Ruwa kuwa kada ya yanke.

In da hali, a watannin nan ka ba ta abincin buhu na 'yan kwikwiyo, adadin yana rubuce a bayan buhun gwargwadon nauyi. Shinkafa da nama zalla ba su da sinadarin da ke gina ƙashi, shi ya sa ake ganin manyan karnuka da ƙafafu a lanƙwashe. In za ka haɗa da na gida, shinkafa ko dankali da dafaffen nama ko kifin da aka cire wa ƙaya, da dafaffen ƙwai da ɗan karas, ba gishiri, ba magi, ba yaji. Tumbi da huhu na kwatar Oko-Oba suna da sauƙin kuɗi, amma a dafa su sosai. Canjin abinci a yi shi a hankali cikin mako guda.

Abin da za ka gargaɗi yara a kai: albasa da tafarnuwa suna fasa jinin kare, don haka ragowar miya da tsire da albasarsa ba nata ba ne. Cakulan guba ne a gare ta, haka goro, haka inabi da zabibi. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji. Madarar gari kuma zawo take sa yawancinsu.

Mai Shagon Magungunan Dabbobi, Alaba Rago

Alhaji, a Legas kaska ce babbar abokiyar gaba bayan fabo. Kullum da yamma ka duba cikin kunne, tsakanin yatsu, hammata da gindin jela. In ka samu, ka kama ta da hantsaki daf da fata ka ja a miƙe, kada ka matse cikinta. Kaska na sa zazzaɓin da ke shanye jini. Ka riƙa ɗaga leɓenta kana duba dasashi: ja-ja mai haske shi ne lafiya, in ya yi fari fat, ko fitsarinta ya koma kalar shayi, asibiti a ranar. Kaskar kuma ba a jikinta kawai take ba, a tsagar bango da ƙarƙashin katako take ƙwai, sai an yi wa ɗakin feshi an toshe tsagogin.

Don Allah kada kowa ya ba ka shawarar yi mata wanka da Sniper ko fiya-fiya ko kananzir. Ta fata suke shiga, sai dalala da karkarwa, sai mutuwa. Maganin kaska na gaskiya ma yawancinsu ba a sa wa wadda ba ta kai sati 8 ba, a karanta takarda. Farasitamol da ibufurofen na mutane kada a ba ta. Shinkafar ɓera a ɗaga ta sama.

Akwai kuma ƙudan da ke ƙwai a yashi mai fitsari ko a tsumma mai danshi. Za ka ga ƙurji mai ɗan rami a tsakiya, tsutsa ce a ciki. A toshe ramin da basilin, in ta leƙo neman iska a matse a hankali ta fito ɗungurungum, a wanke. Da damina kada ta sha ruwan lambatu ko na ambaliya, fitsarin ɓera a ciki yana lalata ƙoda da hanta, kuma yana kama mutum.

Maigadi, Mile 12

In gadi kake so, ka ɗaure ta da sarƙa duk yini, kada yara su saba da ita, a nan take yin zafi.

Mai Horar da Karnuka, Ojo

Yayana Maigadi, ka yi haƙuri, a nan ban bi ka ba. Karen da ya tashi a sarƙa bai san kowa ba tsoro ne ke cinsa, kuma matsoracin kare ba ya bambance ɓarawo da mai ruwa ko yaron maƙwabta. Wanda ya san mutanen gidansa shi ne ke gane baƙo. Gadi a jininta yake, Alhaji, zai fito da kansa in ta tasa. Abin da za ka koya mata shi ne jin magana.

Minti 5 sau biyu a rana ya isa. Kalma ɗaya ga kowane umarni, “zo”, “zauna”, “bari”, duk gidan su riƙe kalma iri ɗaya. Ta yi daidai, a ba ta ɗan guntun nama nan take. Kada ka kira ta “zo” sannan ka doke ta, gobe ba za ta zo ba. Da ta farka ko ta gama ci a kai ta kusurwa guda ta yi bahaya, cikin 'yan makonni za ta riƙe. Daga wata 3 zuwa 6 tana famfara, za ta ci silifas da wayar caja, a ba ta igiya mai kauri ta tauna, a kwashe takalma. Yara kada su taɓa ta tana ci ko tana barci, kuma kada a bar ƙaramin shi kaɗai da ita.

Ɗakinta ya zama a inuwa, iska na ratsawa, da katako a ɗage daga ƙasa saboda ruwa. Ɗakin kwanon rufi zalla a rana tanda ne, kare kuwa da haki yake fitar da zafi. Kada ya kasance kusa da janareta, hayaƙinsa na kisa.

Malamin Islamiyya, Obalende

A gaya wa uwargida ta kwantar da hankali. Hadisi ya yi izinin kare don farauta da kiwo da gona, malamai da yawa kuma sun shigar da gadin gida in akwai buƙata. A mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai in ya sa baki a ƙwarya a zubar da ruwan a wanke ta sau bakwai. Shafi'iyya sun ɗauki yawunsa najasa ne. Fitsari da kashinsa kam najasa ne, a wanke. Mafi kwanciyar rai: wurinta daban a waje, kwanukanta daban, kada ta shiga ɗakuna ko wurin salla, buta da bokitin alwala a rufe. Tunda kuma ka ajiye ta, cinta da shanta da jinyarta suna wuyanka. Ya tabbata a hadisi cewa Allah ya gafarta wa wani mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa.

Baban 'Yan Biyu, Agege

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. An wanke simintin, gobe za mu je allura. Likita, saura biyu: in ta yaƙushi yaro ko ta cije shi fa? Kuma ba na son ta haihu.

Likitan Dabbobi, Oko-Oba

Kowane cizo da ya fasa fata, nata ko na wani kare, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 cur, a sa ayodin, a tafi asibiti a ranar. Kada a ɗaure, kada a sa gashin kare ko toka. Likita ne zai yanke batun allurai, karen kuma a killace shi a sa masa ido kwana 10. Haukar kare in alamunta suka bayyana a jikin mutum ba a tashi, amma allura da wuri tana tare ta. Ma'aikatar Noma ta Jihar Legas kan yi gangamin wannan allura ga karnuka kyauta lokaci-lokaci, ka riƙa sauraro.

Haihuwa kuwa, tsakanin wata 6 da shekara za ta fara neman namiji, kusan duk wata 6, kowane karo sati 2 zuwa 3. Za ka ga ɗigon jini, karnukan unguwa su yi dandazo a get. Cikinta kwana 63 ne. Allurar hana haihuwa ta mutane kada a yi mata, tana jawo ruɓar mahaifa. Aikin cire mahaifa shi ne mafita, in kun je gobe ka tambayi likitan lokacin da ya dace da girmanta.

Yaran kuma ka ba su aiki a hannu. Babba ya riƙe katin allura yana tuna maka ranaku, ƙaramin ya riƙa canza mata ruwa safe da yamma. Gobe a ɗauke ta a hannu ko a cikin sabon kwali, kada ta taka ƙasan asibitin.