Wane eyaburosh ne ya fi dacewa da ƙananan layuka a aikin taksidami?

Dan_Lab:
Assalamu alaikum jama'a. Ina aiki ne a lab ɗin nazarin dabbobi na wata makaranta, aikina shi ne taksidami, wato a feɗe dabba a gyara fatar a ɗora ta a kan gangar roba ko katako ta tsaya kamar mai rai don ɗalibai su gani. Matsalata fenti. Duk wanda ya taɓa busar da fatar kifi ya san kalar guduwa take yi gaba ɗaya ta koma ruwan ƙasa-ƙasa kamar kifin banda, dole sai ka mayar da ita da hannunka. Yanzu haka akwai karfasa guda biyu da zabo ɗaya a gabana, layukan nan na tsaye da ke jelar karfasa sun gagare ni, shi kuma zabon fatar fuskarsa da jan naman nan na gefen baki duk sun dushe. Eyaburosh ɗin, wato ƙaramar bindigar fesa fenti da iska, da nake amfani da shi irin mara sunan nan ne da ake haɗowa da ƙaramin kwamfuresa, in na matso kusa sai ya tofa min fenti kamar mai atishawa. Na ga ana ta yabon Iwata Custom Micron mai allura milimita 0.18, shin in daure in tara kuɗi in saye shi ko akwai wanda ya fi dacewa? Don Allah masu sani a taimaka.

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Malam ka riƙe kuɗinka tukuna. Ni shekaruna da yawa a Amurka kuma na yi aiki a shagon wani mai wannan sana'a, lokacin farautar barewa kawuna ake kawo mana har mu rasa wajen ajiyewa, kuma wallahi yawancin aikin gefen ido da hanci da cikin kunne da allura 0.3 muke yinsa. Micron abu ne mai kyau ba musu amma an yi shi ne don fenti mai ruwa-ruwa sosai kamar tawada, kai kuma kifi za ka yi, akwai fenti mai ƙyalli irin na azurfa da ake fara shimfiɗawa a jikin ɓawon, wannan ƙwayoyinsa manya ne, kana zuba shi a 0.18 zai toshe ka wuni kana wanki maimakon aiki.

Abu biyu za ka duba kafin ma ka kalli suna. Na farko ya zama mai aiki biyu, ka danna kunamar sai iska ta fito, ka ja ta baya fenti ya biyo, gwargwadon jan da ka yi gwargwadon kaurin layin. Na biyu kofin ya kasance a sama ba kwalba a ƙasa ba, saboda fentin da kansa yake gangarowa ba sai iska ta zuƙo shi ba, shi ya sa za ka iya rage iska zuwa 15 ko 20 PSI (ma'aunin ƙarfin iska) ka matso dab da jelar ba tare da fentin ya watse kamar ƙafar gizo-gizo ba. Kuma ɗigo uku ma ya isa ka yi aiki. In ni ne kai Iwata HP-C Plus mai 0.3 zan ɗauka ko Eclipse HP-CS mai 0.35. Na fi karkata ga Eclipse ɗin ma saboda nozul ɗinsa, wato ɗan bakin da fenti ke fitowa ta ciki, babba ne, sakawa kawai ake yi, na HP-C kuwa ɗan mitsitsi ne mai zare, ka ɗaure shi da ƙarfi kaɗan ya karye a ciki, na taɓa yi kuma ranar ban ji daɗin maigidana ba.

Usta mai fentin mota:
Ni dai ba na aikin dabbobi, tankin babur da hular kwano nake wa zane, amma tofin nan da ka ce ina jin ba laifin bindigar ba ne kaɗai. Kwamfuresan naka yana da tanki? yana da abin tare ruwa? in babu to da damina ruwa ne ke taruwa a tiyo ya fito tare da fentin. Da hunturu kuma fentin ruwa bushewa yake a bakin allura kafin ka ƙirga goma, ka ajiye ɗan soso mai laima kusa kana goge bakin. Sannan ka sirka fentin ya koma kamar madara, ka tace shi da tsohuwar safar mata kafin ka zuba. Mai tanki kuma ko an ɗauke wuta zai ba ka ɗan lokaci ka ƙarasa layin da ka faro.

Kawu Na-Jos:
Yaran yanzu da son kayan tsada. Paasche H nake riƙe da shi tun kafin a haifi wasunku, mai aiki ɗaya ne, ba ya lalacewa ba ya toshewa, kuma tsofaffin masu wannan aiki da yawa da shi suka yi suna. Hannu ne ba ƙarfe ba.

Baban Khalifa:
Kawu Allah ya ƙara girma, gaskiyarku ne wajen ƙarko, mu ma akwai shi a shagon don shimfiɗa kalar farko da feshin ƙyalli na ƙarshe. Amma shi a waje yake haɗa iska da fenti, feshinsa na da ɗan tsakuwa-tsakuwa, layin jelar karfasa zai ba shi wahala sai dai a hannu irin naku. Dan_Lab wani abu kuma, duk wanda za ka saya ka haɗo da allura da nozul na safaya a oda ɗaya, don ranar da allura ta lanƙwashe ba lallai ka samu a kasuwa kusa ba. In kuma fentin tina za ka yi amfani da shi irin Polytranspar ka tabbata robobin ciki na Teflon ne don tina na cinye roba ta gama-gari, kuma ka nemi takunkumi mai katirij, na takardan nan ba ya tare warin.

Dan_Lab:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Usta ka canka daidai, na cire tiyon yanzu na girgiza sai ga ruwa ya zubo min a wando. Zan fara neman abin tare ruwan in gwada a takarda, in ya so ƙarshen wata in yi odar Eclipse ɗin. Baban Khalifa fuskar zabon fa, fari zan fara sawa kafin shuɗin ko kai tsaye?

Baban Khalifa:
Fari tukuna, siriri sosai yadda ƙurajen fatar ba za su ɓace ba, sai shuɗin sama-sama. Ka rufe gashin wuyan da takarda kafin ka fara. Ka turo hoto in ya bushe mu gani.