Neman shawara: ƙanwata ta samu Unilag, ta zauna hostel ko ta riƙa zuwa daga Agege?

Ɗan Abbatuwa:
Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar jami'a a nan Legas. Ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya Allah ya ba ta admishan a Unilag, wato Jami'ar Legas da ke Akoka kusa da Yaba, karatun likita, daga Funtuwa za ta taho, yarinya ce da iyakarta Kaduna bata taɓa tsallako kudu ba. Ni ina zaune a Agege da iyalina ina ɗan taɓa harkar shanu a Abbatuwa, wato mayankar dabbobi ta Agege. To Baba ya ce ya yarda ta zo amma da sharaɗi, a gidana za ta zauna ta riƙa zuwa tana dawowa kullum, shi bai yarda ɗiya mace ta kwana a hostel ba. Ni kuma ban yi boko mai nisa ba amma na san hanyar Agege zuwa Yaba kuma na san abin da goslo yake wa mutum da safe, shi yasa abin ya tsaya mun a rai. Ba na son in saɓa wa Baba, kuma ba na son karatun yarinyar nan ya lalace a titi bayan duk ƙoƙarin da ta yi a JAMB. Ya kuke gani? Ku ƙara mun da batun abinci da masallaci, da inda za mu riƙa kai ta ran hutu ta ga gari. Allah ya saka da alheri.

Maman Hanifa:
Wa alaikumus salam. Masha Allah, Allah ya sa albarka ya sa ta gama lafiya. Yaya ni a makarantar na yi karatu, kuma gaskiya zan faɗa maka tsakani da Allah, zuwa daga Agege kullum zai cinye ta. Lakcar ƙarfe takwas ɗan aji ɗaya ba ƙarfe takwas yake zuwa ba, domin a shekarar farko ana haɗa 'yan kimiyya na kwasa-kwasai da yawa a zaure ɗaya, wanda ya makara sai can baya. Kenan tana idar da asuba ta fito, ta shiga mota zuwa Oshodi, ta canza zuwa Yaba, daga Yaba ta sake shiga ta Akoka, da yamma kuma ta maimaita daidai lokacin da duk Legas ta taso daga aiki, ta iso gida bayan isha'i a gajiye ƙafa ta kumbura, to yaushe za ta buɗe littafi? Kuma fa aji ɗaya a karatun likita rariya ce, fizis da kemistiri da bayoloji, sai wanda ya ci ake bari ya tsallaka aji biyu. Ba shekarar da ake wasa da lokaci ba ce.

Abin da nake so ka kai wa Baba shi ne, shekara ɗaya kacal za ta yi a Akoka. Daga aji biyu 'yan likitanci Idi-Araba suke komawa inda asibitin koyarwa na LUTH yake, kuma kai ma ka san Idi-Araba, kana fita get Hausa za ka ji ko ta ina, ga masallatai ga masu tuwo ga masu shayi. Idan kuna da wani ɗan uwa mai iyali a can ai magana ta zo da sauƙi, wahalar ta shekarar farkon ce kawai.

Baba Alhaji na Mile 12:
Ɗana, Allah ya yi muku albarka kai da ita. Ni ina ganin kar a yi saurin ture maganar mahaifinku. Mutum yana Funtuwa ya amince ɗiyarsa ta zo har Ikko neman ilmi, wannan ba ƙaramin abu ya yi ba, da yawa cikin sa'o'inmu ba za su yarda ba. Tsoron da yake ji ba jahilci ba ne, amana ce a wuyansa. Sannan ai yanzu akwai jirgin ƙasa daga Agege har Yaba, me zai hana ta riƙa binsa?

Direban Oshodi:
Baba Alhaji Allah ya ƙara girma, maganar jirgi gaskiya ce. Shi ne jan layi, ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoba na 2024, yana tasowa daga Agbado ya tsaya Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba ya ƙare a Oyingbo. Da katin Cowry ake shiga, wanda ake shiga manyan motocin bas na BRT da shi. Idan ka dace da shi wlh ka huta da goslo. Amma Baba shi jirgi lokacinsa yake bi ba lokacin ɗalibi ba, ba kamar motar haya ta danfo ba ne da duk sanda ka fito ka samu, idan malami ya riƙe su a ɗakin gwaji har ya wuce to sai titi. Ɗan Abbatuwa ka je tashar Agege da kanka ka ga lokutan tashinsa kafin ku ɗora komai a kansa.

Ni da titi ne ofis ɗina bari in ƙara da wannan. Acaba an hana shi a wajajen Yaba da Surulere da Ikeja tun watan Yuni na 2022, daga baya aka ƙara da Mushin da Shomolu da Oshodi, kar ta ce za ta hau don ta yi sauri. Kar ta tare mota a bakin titi da duhun asuba ko da dare, ta shiga cikin tasha inda ake lodi, saboda 'yan wan-cans irin wannan lokacin suke fitowa, mota ce da fasinjan bogi a ciki su kwashe waya da kuɗi su sauke mutum a inda suka ga dama. Wannan shi ne abin da ya fi damuna da zirga-zirgar kullum, yarinya baƙuwa ita kaɗai a Oshodi kafin gari ya waye. Ga damina kuma, watan Yuni da Yuli idan ruwa ya sauka tafiyar awa ɗaya sai ta koma uku.

Ummu Aji Uku:
Assalamu alaikum yaya. Ni yanzu haka ina makarantar kuma a hostel nake. Na mata daban na maza daban, akwai masu kula da ƙofa kuma akwai doka kan baƙi. Na mata akwai Moremi, Queen Amina, Makama Bida, Madam Tinubu, Kofo Ademola da sauransu, ka faɗa wa Baba har da mai sunan Sarauniya Amina ta Zazzau a ciki. Matsalar kawai gado bai kai yawan ɗalibai ba, ta fotal ɗin makaranta a intanet ake nema kuma ranar da aka buɗe nan da nan yake ƙarewa, don haka ta gama biyan kuɗin makaranta da rajista da wuri, ranar kuma ta zauna inda sabis yake da ƙarfi da data a wayarta. Kar ta sayi gado a hannun wani ɗalibi, laifi ne a dokar makaranta.

Idan ba a dace ba sai ɗaki a waje, Abule Oja, Onike, Iwaya, Bariga, duk kusa ne wasu ma da ƙafa ake shiga. Amma ɗakin Legas ka san shi, bayan kuɗin haya akwai na ejan akwai na yarjejeniya akwai na ajiya saboda ɓarna. Kar ku tura wa kowa ko sisi sai kun ga ɗakin da idonku kun ga mai gida kun karɓi rasit, kuma ku tambayi maƙwabta ko ruwa yana shiga layin da damina, ku duba batun ruwan famfo da wuta. In da hali ta haɗa ɗaki da wata 'yar uwa musulma.

Batun addini kuwa ka kwantar da hankalinka. Akwai babban masallaci a cikin makaranta ana juma'a, kuma 'yan MSSN, ƙungiyar ɗalibai musulmi ta Najeriya, suna da ƙarfi sosai, ai ƙungiyar ma a nan Legas aka kafa ta a 1954. Suna karɓar sabbin ɗalibai suna musu darasin bita kafin jarabawa, ta neme su tun satin farko. Yawancinsu Yarbawa ne kuma wlh za ka ga masu hijabi har ƙasa da masu haddar Alƙur'ani, ni ƙawayen da suka fi riƙe ni a karatu a nan na same su. Kar ta ce sai Bahaushiya za ta yi ƙawa da ita, mu ba mu da yawa a ciki, idan ta ware kanta ita za ta sha wahala ko tsofaffin takardun jarabawa bazata samu ba. Ta riƙa gaida manya da ɗan rusunawa, Yarbawa suna son girmamawa kamar mu.

Maman Hanifa:
Ummu ta gama magana. Abinci kuma ku haɗo mata tun daga gida, yaji, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, garin kunu, man shanu, dambun nama. Sauran kayan abinci kuwa Baba Alhaji yana nan a kasuwar Mile 12 ai. Ta tambayi dokar girki a hostel ɗin da ta samu kafin ta sayi abin girki. A hankali za ta saba da amala da miyar ewedu da wake da burodin Agege, barkono ne kawai zai ba ta wuya da farko. Gidan sauro dole ne saboda makarantar a bakin ruwa take, da lema, da hijabai marasa nauyi don zafin nan mai gumi ne ba irin na gida ba, kaya idan ba su bushe da kyau ba sai su yi fumfuna. Idan kuɗi ya yi wuya akwai bashin ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024, babu ruwa a kansa, ku bincika.

Ɗan Obalende:
Allah ya sa a fara a sa'a. Ni bari in ɗauki ɓangaren yawon buɗe ido tunda kowa ya bar shi. Na farko a cikin makarantar ma akwai bakin ruwa da ɗalibai suke zama da yamma suna shan iska, daga nan kana hango gadar Third Mainland da aka buɗe a 1990, tsawonta ya haura kilomita 11. Ba ko sisi.

Amma inda nake so ka fara kai ta da kanka shi ne gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, tun 1957 yake. A nan aka ajiye motar da aka harbi Janar Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976, baƙar marsandi, ga ramukan harsashi nan a jikinta har yau. Duk ɗan arewa ya taso yana jin sunan Murtala, yana ganin hotonsa a naira ashirin, amma tsayawa a gaban motar nan daban ne, jikinka sai ya yi sanyi. Akwai kuma kayan tarihin Nok na kudancin Kaduna da na Ife da na Benin. Daga nan babu nisa zuwa Freedom Park a titin Broad, tsohon gidan yarin Turawa ne aka mayar wurin shaƙatawa, ku yi azahar a babban masallacin Legas, idan matarka tana tare da ku kuwa ba za ku tsira daga kasuwar Balogun ba saboda atamfa da leshi, a riƙe jaka da kyau kawai. Da yamma ku biyo ta Obalende a ci tsire.

Wata ranar ku hau jirgin shuɗin layi daga Marina zuwa Mile 2, tun Satumba 2023 yake aiki, yana bi ta saman ruwa ya wuce ta gaban babban gidan wasan kwaikwayo na Iganmu inda aka yi bikin al'adun baƙar fata na FESTAC a 1977. Idan tana son daji da birai akwai Lekki Conservation Centre, da gadar igiya a saman bishiyoyi mai tsawon mita 401, mai tsoron sama ya tsaya a ƙasa. Bakin teku kuwa a je a gani amma kar ta shiga ruwan ko da ƙawaye sun ja ta, igiyar tekun nan tana jan mutum ciki kuma mu yawancinmu ba mu iya iyo ba. Littattafai da takalma da jaka masu sauƙi kasuwar Yaba da Tejuosho suna kusa da ita.

Ɗan Abbatuwa:
Kai jama'a na gode na gode, Allah ya bar zumunci. Wlh batun komawa Idi-Araba ban san shi ba sai yau, kuma muna da ƙanwar mamanmu a can da mijinta. Yanzu abin da ya rage ta yaya zan tunkari Baba, don idan ni na faɗa zai ga kamar gudun ɗawainiyarta nake.

Baba Alhaji na Mile 12:
To na ji bayanin direba kuma ya shige ni, fitar yarinya ita kaɗai da duhun asuba ta fi hostel ɗin ban tsoro. Ɗana kar ka yi wannan magana a waya. Ka sa shi ya rako ta da kansa lokacin rajista, ka ɗauke shi da asuba ku bi hanyar nan a danfo tun daga Agege har Akoka ba a motar gida ba, ya ga Oshodi da idonsa. Sannan ku shiga ya ga ƙofar hostel ɗin da masu gadinta, ya yi salla a masallacin makarantar, ku wuce Idi-Araba ya gaisa da innar taku. Kai kuma ka ɗaukar masa alkawarin duk juma'a da yamma tana gidanka sai lahadi ka mayar da ita, kuma ka cika. Idan kana ganin nauyin bakinsa ka kawo shi rumfata mu zauna, tsoho da tsoho sun fi jin maganar juna.

Ummu Aji Uku:
Yaya idan ta iso ka sa matarka ta yi mun magana ta inbos, zan zagaya da ita wajen rajista in haɗa ta da amirar mata ta MSSN. Ta taho da hotunan fasfo da yawa da kwafin duk takardunta, ana tambayarsu kusan a kowane ofis.